Karenka na bin mota da mashin? Sarƙa, bulala, kwalar shokin ko horon lada, wanne zaka ɗauka

Duk mai kare a gida, musamman in get ɗinka na kallon titi ko wani layi da mashina ke yawan ratsawa, ya san wannan ciwon kan. Ana buɗe get a fitar da mota ko yaro zai fita sayen burodi, kafin ka ankara karen ya ɓalle, ya rufa wa ɗan acaba baya yana neman dugadugansa, ko ya manne wa tayar adaidaita sahu har kwanar layi, sannan ya dawo yana haki yana kaɗa bindi abinsa. Ranar farko dariya ake yi. Amma abin baya wuce ɗayan uku in aka bar shi, ko mota ta take karen, ko mai mashin ya razana ya sha ƙasa da fasinjansa ka kwana kana biyan kuɗin asibiti da gyaran mashin ana ja da kai ofishin 'yan sanda, ko kuma wani a unguwa ya gaji ya jefo masa nama da guba cikin dare. Shawara kuwa kowa nada tasa, wani yace ɗaure shi kawai, wani yace ai duka ne maganinsa, wani ya turo maka bidiyon wata kwala mai rimot da ya gani a TikTok. Kowacce akwai inda take aiki akwai inda take ɓata lamari, kuma ba kowane gida ne zai iya kowacce ba.

Kafin a je ga zaɓi sai an gane me yasa yake yi tukuna. Kare ba taurin kai ne ke sa shi bin mota ba, a jininsa yake, duk abin da ya gifta da gudu idonsa na kamawa ƙafarsa ta bi tun kafin kansa ya yi lissafi, da haka kakanninsa suka ci abinci a daji. Inda matsalar take shine mota kullum tana ba shi nasara. Ya taso ya yi haushi ya bi ta, ita kuma ta wuce abinta ta ɓace, a wurinsa shi ne ya kore ta. Direban bai ma san yana yi ba, amma karen ya dawo da tabbacin cewa dabararsa na ci. Ita kanta tserar daɗi take masa ko ba a kama komai ba. To kaga duk bin da ya yi sau ɗaya darasi ne ya ƙara ɗauka, in a rana ya bi mashin goma ya samu horo sau goma kenan, kai kuma kana masa tsawa sau ɗaya da yamma kana tunanin zaka rinjaye shi. Don haka ni ma'aunin da nake ɗora kowace hanya a kai guda biyu ne, tana hana shi bin motar daga yau, sannan tana canza abin da yake ji in ya ga motar? Yawanci hanya ɗaya bata cika biyun.

Sannan ka tsaya ka kalli naka karen da kyau, don masu bin mota ba iri ɗaya bane. Akwai wanda shiru yake yi, ya sunkuyar da kai ya kafe taya da ido, jikinsa ya sandare, sai kawai ka ga ya fizga ba haushi ba komai, wannan farauta yake yi kuma shi ne mafi wahalar gyara. Karnukan mafarautanmu da irin Azawak na Buzaye a arewacin Nijar da Mali, dogayen nan sirara masu bin zomo da barewa, da ido suke farauta, motsi kaɗan ya ishe su. Akwai mai son tarewa, yana zagaya gaban mashin yana kai cafka ƙasa ƙasa, wannan jinin kiwo ne, irin Alsatian da ya cika gidajen manya a Kano da Kaduna da Abuja asalinsa karen kiwon tumaki ne, wani hafsan sojan Jamus Max von Stephanitz ne ya kafa irin a 1899, haka Border Collie na kan iyakar Ingila da Sikotilan wanda shi kam ya yi suna wajen bin mota. Sai mai gadi, irin Boerboel na Afirka ta Kudu da Rottweiler da yawancin karnukan gida, haushi yake da ƙarfi, a ƙofar gida kawai yake yi, yana kai ƙarshen katanga sai ya juyo. Na ƙarshe matsoraci ne, ƙarar salansa ko hon ke firgita shi, kunne a kwance bindi a matse, yana kai farmakin ne don abin ya yi nisa da shi. In ka doki wannan na ƙarshen ka ƙara masa abin tsoro ne a kan wanda yake da shi.

Sarƙa ko keji ita ce hanyar da kusan kowa ke fara kamawa, kuma gaskiya a ma'aunin farko ta ci, daga yau ba zai bi kowa ba, kuɗinta kaɗan, ba sai ka koyi komai ba. In jiya karenka ya kusa kayar da mutum to yau ɗin nan ka ɗaure shi, ba wata muhawara. Amma fa bata koya masa komai. Karen da aka ɗaure a bakin get yana kallon mashina na wucewa yana fizgar sarƙa yana haushi daga safe har dare, zuciyarsa ƙara cika take yi, ranar da ƙarfen ya ɓalle ko maigadi ya manta bai saƙala ba zai fita da haushin wata shida. Wani bincike da aka yi a birnin Denver na Amurka aka wallafa a 1994 ya nuna karnukan da ake ɗaurewa sun fi cizon mutane kusan ninki uku, kuma ko ba bincike duk wanda ya taɓa wucewa kusa da karen da ya shekara a turke ya san yadda yake. Ga rana, a watan Afrilu ka bar dabba a kan siminti ba inuwa ruwan shansa ya yi zafi tun hantsi, wannan haƙƙi ne da za a tambaye ka. In dole sai an ɗaure, a mayar da shi bayan gida inda baya ganin titi, a samu inuwa, a riƙa kwance shi da safe da dare bayan an kulle get. Keji mai faɗi ya fi sarƙa, don baya shaƙe wuya kuma yara basa iya zuwa su tsokane shi har ya kai musu.

Wanda ya fi duka biyun in kana da hali shine ka gyara gidan. A yi wani ƙaramin shinge ko ƙofa ta biyu tsakanin inda karen yake da babban get, yadda ko an wangale get ɗin mota zata fita ba shi da hanyar titi. A toshe ƙasan get da falange in yana leƙe ta nan, don wani karen abin da ke tayar masa da hankali ƙafafu da tayoyin da yake hangowa ta ƙasa ne. Mai walda zai maka wannan a yini ɗaya. Sai dokar gida, ba mai buɗe get sai ya tabbatar an rufe kare, kuma dokar nan yara da 'yan aike su ne ke karya ta, su zaka fi yi wa nanaci. Mai gidan haya ko wanda gidansa ba katanga, wannan ba tasa bace, ya koma keji.

Duka kuwa, wallahi shi ne ya fi yawa kuma shi ne ya fi rashin amfani. Ga yadda abin ke faruwa, karen ya bi mashin ya dawo, kana tsaye da dorina ko tiyo, yana isowa ka zabga masa. Kai a ranka ka hukunta shi kan bin mashin, shi kuma abin da ya yi na ƙarshe kafin dukan shine dawowa wurinka, kuma kare da abin da ya faru cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu yake haɗa sakamako. Me ya koya kenan? In an kira ka kada ka zo. Shi yasa zaka ga karen da ake duka yana bin mota sarai, sai dai yanzu in ya gama baya dawowa, ya tsaya can nesa yana kallonka kana kira yana ja da baya, ka rasa abu ɗayan da zai iya cetonsa ranar da ya nufi babban titi. Wani kuma ya koyi cewa in maigida na nan a kwanta, in ya fita kasuwa a ci gaba. Su ma masu mashin da ke kai masa shuri ko su jefe shi ba gyara shi suke ba, kare mai gadi ne yake ƙara tabbatar wa kansa cewa lallai waɗannan abokan gaba ne. Babban kare irin Boerboel ko Caucasian in aka matsa masa da duka wata rana kan mai dukan zai juyo, ko kan ƙaramin yaron gidan.

Akwai wata tsohuwar dabara da ake yawan faɗa, a samu aboki ya tuƙo mota a hankali, wani na baya da bokitin ruwa, karen na tasowa a sheƙa masa. Ta fi duka dai, don a kan lokaci take zuwa kuma daga motar take fitowa ba daga hannunka ba. Ƙaramin kwikwiyo da bai daɗe da farawa ba tana iya sa shi ya yi shakka. Amma tsohon hannu nan da nan yake gane motar da ke watsa ruwa ya ƙyale ta ya ci gaba da sauran, wani ma a zafin nan namu ruwan daɗi zai masa. Kuma ka lura, don ka yi dabarar sai ka saki kare ya tunkari mota mai tafiya da gangan, tsautsayi kaɗan taya ta hau ƙafarsa.

Kwalar shokin ita ce ake ta talla yanzu, abin wuya ne mai batir da wasu ƙarafa biyu da ke taɓa fata, kana riƙe da rimot, ka danna ya ji shokin, wasu suna da ƙara da jijjiga ma. Bari in faɗi gaskiyarta ta ɓangare biyu don masu sayarwa rabi suke faɗa masu zaginta ma rabi. Tana iya tsayar da kare mai bin abu da sauri, a 2024 masu bincike a jami'ar jihar Arizona sun gwada da karnuka masu bin wata roba da inji ke ja da gudu, waɗanda aka sa wa kwalar a hannun ƙwararru suka daina bi cikin ɗan lokaci, waɗanda aka bi da su ta hanyar abinci basu daina ba a 'yan kwanakin da aka ware. A Niyuzilan ma da ita ake koya wa karnukan farauta su ƙaurace wa tsuntsun kiwi. Amma a 2020 jami'ar Lincoln ta Ingila ta gwada karnuka 63 masu ƙin amsa kira, kuma waɗanda aka horar da lada sun fi saurin zuwa in an kira su a kan waɗanda aka sa wa kwalar. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta ta tun 2010, Jamus da wasu ƙasashen Turai ma basa yarda da ita. To ina matsalar take a wurinmu? A hannun mai dannawa. Wanda ya ga nasara da ita ƙwararre ne da ya san ƙarfin da zai sa da daƙiƙar da zai danna, kai kuma da ka sayo ta intanet jiya zaka danna ne lokacin da ranka ya ɓaci, a makare, ƙarfin a ƙure. Karen zai ji zafi a wuya ya duba me ke gabansa a lokacin, in yaro ne ke wucewa a kan keke to yaron ya zama abin da ke kawo zafi, ka tashi daga kare mai bin mashin ka koma kare mai cizon yara. Ga na bogi sun yi yawa, wata lamba ɗaya bata komai lamba biyu ta gigita shi, ga caji, ranar da ba wuta batir ya mutu, kuma kare yana gane ranar da kwalar ke wuyansa da ranar da bata nan. Matsoracin kare kam kada ma a fara. Ni a ganina ita ce ta ƙarshe, sai karen da farauta ta yi wa katutu, an gwada komai, zaɓin da ya rage ko ita ko mutuwarsa a titi, kuma a hannun wanda ya iya.

Saura horon lada da doguwar igiya, wanda shi ne ya fi cin lokaci ya fi ƙarancin kuɗi, kuma shi kaɗai ne yake taɓa ma'auni na biyu, wato ya canza abin da karen ke ji in ya ga mota. Ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka a matsayar da ta fitar a 2021 shi ta ce a bi a kowane irin horo. Tushensa tsoho ne, tun aikin masanin kimiyya Pavlov na Rasha da ya nuna kare na iya haɗa wata alama da zuwan abinci har miyau ya zubo masa kafin ya ga kwano. Kai ma abin da zaka yi kenan, mota ta zama alamar cewa wani abin daɗi na zuwa daga wurinka, sai ya zamana yana jin ƙarar mashin kansa wurinka yake juyowa ba titi ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Igiya mai ƙwari kamar mita 10, da ɗamarar da ke kama ƙirji da kafaɗa maimakon wuya, don in ya fizga da gudu igiyar ta ƙare a wuyansa zai iya ji wa maƙogwaronsa ciwo, sarƙar nan mai shaƙewa kam a ajiye ta. Kada ka naɗe igiyar a yatsu, babban kare zai iya karya maka. Sai lada, kuma nan mutane ke yin rowa, guntun tuwon jiya ba zai yi gasa da mashin ba. Ka samu hanta ka dafa ba gishiri ba magi ka yayyanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ko huhu, ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Banda tsire da kilishi saboda yaji, kuma albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini, ƙashin kaza dafaffe shima a'a yana tsagewa ya soke hanji. In baka son miyau ya taɓa maka hannu ko riga saboda sallah, ba matsala, ka jefa masa a ƙasa kusa da ƙafarka ko ka miƙa da dogon cokali, aikin ɗaya ne, jefawa ƙasa ma tana da riba don hancinsa na ƙasa idonsa ya bar titi. A yi kafin ya ci abinci, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, kwalta da tsakar rana tana ƙona musu tafin ƙafa.

A cikin gida ake farawa inda ba abin da ke ɗauke masa hankali. Ka kira sunansa, yana kallonka kace "yauwa" ka jefa hanta. Kalma ɗaya zaka riƙe kada yau yauwa gobe madalla. Haka "zo", haka "zauna", minti biyar zuwa goma ya isa, sau biyu a rana. In ya kama sai a fita. Ka nemi fili irin na ƙwallo da ke gefen titi, ka tsaya can ciki da nisa, inda yana ganin mashin amma bai haukace ba. Zaka gane wurin da jikinsa, mashin ya taho, kunnensa ya miƙe, bakin da ke buɗe yana haki ya rufe, ƙafar gaba ɗaya ta ɗan ɗaga, to a wannan daƙiƙar kafin ya fizga kace yauwa ka jefa hantar gaban hancinsa. In ya sunkuya ya ci, nisan ya yi. In ko kallonta bai yi ba ya miƙe da ƙafa biyu yana jan igiya, kun matso da yawa, kada ka yi faɗa, juya ku ƙara nisa taku ashirin a sake. Wata rana zaka ga abin da ake nema, adaidaita ta wuce, ya kalle ta, sai da kansa ya waigo ya kalle ka yana jiran kasonsa baka ce komai ba. Ranar ka ba shi da yawa. Daga nan ake matsowa kaɗan kaɗan, taku biyar yau, in ya rikice a koma baya. Ka sa ƙaninka ya riƙa wucewa da mashin a hankali, sannan da ɗan gudu, sannan da hon, don kai ke da iko da saurin. A ƙarshe a dawo ƙofar gida a maimaita, saboda kare baya ɗaukar darasin fili ya kai bakin get da kansa, kuma nan ne ya fi zafi. A nan ake koya masa get na buɗewa shi zama yake, in ya tashi a rufe, in ya zauna a buɗe a ba shi.

Aibinsa shine haƙuri. Makonni ne ga kwikwiyo da kare mai gadi, watanni ga tsohon da ya shekara yana yi, kuma in da safe ka yi horo da rana aka sake shi ya bi mashin biyar, ka zuba ruwa a kwando ne. Shi yasa baya tafiya shi kaɗai sai da shinge ko keji. Sannan mutum ɗaya ya riƙe aikin, wanda ya fi zama a gida, ko maigadi ko wani matashi cikin yaran, ba lallai maigida ba.

Kai shi wurin mai horar da karnuka fa? A manyan birane akwai su, wasu tsofaffin ma'aikatan sashen karnuka ne na jami'an tsaro, wasu kuma jiya suka buɗe shafi a Instagram. Mai kyau zai rage maka wata da watanni. Amma ka tambaye shi ƙarara da me yake aiki, kace kana son ka zauna ka kalli zama ɗaya, wanda ya ce a'a ka bar masa karen ka dawo bayan sati biyu ka yi hattara, sau da yawa kare ne zai dawo maka a tsorace yana bin umarnin mai horon kai kuma ko kallo baka ishe shi ba. Wanda zai zo gidanka ya koya maka kai da karen a bakin get ɗin da abin ke faruwa ya fi, ko da ya fi tsada. Da yawansu kuma ƙwarewarsu koya wa kare kai hari ce, ba ita kake nema ba. Likitan dabbobi na unguwa ko asibitin koyarwa na dabbobi irin na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun fi sanin wa ya iya.

Wasu na cewa a yi masa fiɗiya zai natsu. Fiɗiya tana rage yawon neman karya, bata cire son bin abin da ke gudu, kada ka kashe kuɗi da wannan niyyar. Abin da ke taimakawa sosai kuma kyauta shine gajiya. Alsatian da ke kwance a keji awa ashirin bashi da wani nishaɗi a duniya sai mashin ɗin nan. A fita da shi tafiya da igiya da asuba, a jefa masa ƙwallo a tsakar gida, ko a ɗaura tsumma a bakin igiya a jikin doguwar sanda a riƙa ja yana bi, a tsayar da shi ya zauna sannan a sake ba shi izini. Nan ya samu tserar da jininsa ke nema, ya kuma koyi tsayawa yana tsakiyar zumuɗi.

To wa zai ɗauki wanne. In kwikwiyo ne ƙasa da shekara, horon lada kai tsaye tare da kulle get, kada ka ɓata shi da bulala. In mai gadi ne da ke haushi a ƙofar gida, rabin maganinsa toshe masa ganin titi ne, sauran rabin zaman bakin get. Matsoraci sai lada da nisa sosai da haƙuri, ba tsawa ba shokin. In baka da lokaci kwata kwata, kana fita da asuba ka dawo bayan isha kuma ba wanda zai riƙe aikin, kada ka yaudari kanka, ka kira mai walda a yi shinge da keji mai inuwa a sa wani ya riƙa fita da shi da igiya, hakan ba gazawa bace. In jinin farauta ne mai shiru ɗin nan, ka haɗa horon lada da shinge, amma ka sa a ranka ko ya shekara yana amsa kira ba a sakinsa kusa da titi, rana ɗaya akuya ko mage zata tsallaka ya manta da kai. In kuma gidanka bakin babban titi ne ba katanga kuma karen ya riga ya kayar da mutum, wani lokacin abin da ya fi shine a kai shi gona ko rugar da yake da aikin yi.

Ko wacce ka zaɓa, a yi masa allurar haukan kare tun yana wata uku kuma a riƙa sabuntawa duk shekara, ka adana katin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cutar na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma in alamunta suka bayyana ba a tashi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos na yin allurar a nan gida, asibitocin dabbobi na gwamnati na da ita. In har ya kai ga cafke ƙafar wani mai mashin kafin horon ya kama, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar ko ciwon ƙarami ne, ka tafi da katin allurar a aljihu, karen kuma a kulle shi a sa masa ido kwana 10 kada a kashe shi, likita zai so ya san halin da yake ciki.